Sabuwar kyamara da tsohuwar matsalar fuska

A shekarar 2003 kamfanin Canon ya fitar da EOS 300D, kyamarar dijital mai madubi wadda ake canza wa ido, aka sayar da ita ƙasa da dalar Amurka 1000. A 2006 kuma 400D ta fito. Duk wanda ya ajiye ta farkon ya ɗauki ta biyun, abin da ya fara burge shi ba ɓoyayye ba ne: allon baya ya ƙaru daga inci 1,8 zuwa 2,5, ɗigon hoto ya tashi daga miliyan 6,3 zuwa miliyan 10,1, sannan nawar nan ta tafi. Tsohuwar takan ɗauki hoto huɗu a jere ta tsaya ta huta. A filin kokowa, kafin ta farfaɗo an riga an yi kaye, ƴan kallo sun cika fili.

Akwai kuma gyaran da ya cancanci yabo a ƙasar hunturu. Da zarar an cire idon kyamara ƙura takan shiga ta zauna a gaban farantin da ke karɓar haske, daga nan kowane hoto ya fito da baƙaƙen tabo a sararin sama. Sabuwar tana girgiza gilashin da ke gaban farantin idan an kunna ta ko an kashe ta. Ba ta gama da ƙurar Damagaram ba, amma ta rage.

Sai dai hukuncin ranar farko hukuncin ango ne. Gwajin gaskiya shi ne dattijo baƙi wuluk, cikin farar babbar riga da farin rawani, a tsakar rana ta Salla. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an haɗa fari da baƙi, zai tashi ruwan toka. Idan farar shadda ta cika hoto, sai na'urar ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi. Aikin wuyan riga ya fito zare-zare, fuskar mai rigar kuwa ta nutse cikin duhu. Ƙarin ɗigo miliyan huɗu bai taɓa wannan ba. Ya dai sa duhun ya fito sarai. Matsalar ta ma girmi dijital: tun a shekarun 1950 ɗakunan wankin hoto suka fara daidaita launi da katin Kodak mai ɗauke da hoton farar mace. Maganin yana hannun mai ɗauka, ya auna hasken a kan fuska, ko ya ƙara buɗi da kansa, ko ya roƙi dattijon ya matso inuwa. Na ukun ya fi wuya, domin yana buƙatar ladabi da gaisuwa.

A nan ne ya kamata a tuna da Malick Sidibé na Bamako, wanda ya karɓi kyautar Zakin Zinariya a Banis a 2007, ya rasu a 2016. Hotonsa na 1963 mai suna Daren Kirsimeti, saurayi da ƙanwarsa suna rawa, ita ba takalmi, goshi ya kusa taɓa goshi, fari da baƙi ne kawai, amma fatar kowannensu tana sheƙi. Haka Philippe Koudjina ya yi wa daren Yamai. Fim mai hoto 36 yakan sa mutum ya jira, ya san wanda yake ɗauka kafin ya danna.

Ƙungiyar da ta tara kuɗi ta sayi sabuwar kyamara don bikin al'adu takan koma gida da hoto ɗaruruwa a kati guda, a kalle su a allo, a yi dariya, a watse. Kaɗan ake wankewa a takarda. Sauran suna kwamfutar sakatare har ranar da ta mutu, ko a faifan da ya karce. Hoton auren kaka kuwa, wanda aka wanke kwafi ɗaya tak, yana nan rataye a bango, ko da kyankyaso ya ci gefensa.