Jinjina ga Tsofaffin Ɗaliban Dawakin Kudu

Tun 1977 da gwamnatin Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, likitoci da injiniyoyi da dama sun fito daga cikinsu. Amma jinjinata ta wanda ya gama ce, ya shiga jami'a, sannan ya riƙa dawowa yana horar da ƙannensa 'yan gasar kacici-kacici ko 'yan ƙwallo. Ba albashi, kuɗin mota ma daga aljihunsa. Ya san inda lissafi yake shaƙe yaro, domin shi ma bara ya sha wannan wahalar, kuma yara ba sa jin nauyin tambayarsa. Sharaɗina ɗaya: ya bar wa malami jagoranci, kada ya dawo da bulalar siniya.