Motar da Ba Ta Shan Mai: Tsokaci a Kan Littattafan Soyayya

Da wuya mai karatu ya kai shafi na goma a littattafanmu na soyayya bai ci karo da mota ba. Saurayi ya zo zance, sai a tsaya a faɗa mana sunan motarsa da launinta da sanyin cikinta. Daga nan shike nan: ba ta shan mai, ba ta ganin bakanike, ba ta fitar da hayaƙi. A nawa ganin wannan rauni ne babba, domin an mai da mota ado kawai, kamar babbar riga.

Alhali kuwa Bahaushe ya san mota ciki da bai. Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, kuma abin da ya sa direbobin haya suka rungume ta shi ne juriya da saukin kayan gyara. Da aka janye tallafin fetur a 2023, magidanta da yawa sun jingine motocinsu sun koma hawa adaidaita sahu, wasu suka fara lissafin mai da injin ya koma aiki da iskar gas. Ga kuma tsofaffin motoci 'yan Kwatano da hayaƙinsu ke turnuƙe titunan Kano. Ashe babu labari a nan? Mutumin da ya sayi mota don surukai, ga shi ba kuɗin mai?

Marigayi Ɗan Maraya Jos ya fi marubutan nan ido. A waƙarsa ta Karen Mota ya bar mai motar, ya dubi yaron da ke shan wahalarta.