Kaani na Tal National: Suna daga Gabas, Murya daga Yamai

Wanda ya taso a Difa ko a garuruwan bakin Komadugu, in ya ji "Tal", ba makaɗa ke faɗo masa a rai ba. Tuddan farin yashi ne na kusa da Gigimi. Daga can ne Hamadal Mumin, wanda aka fi sani da Almeida, mai jita kuma alƙali, ya aro sunan ƙungiyar da ya kafa a Yamai, ya liƙa masa kalmar Faransanci "National". Da wannan suna mai baki biyu muke son auna faifansu Kaani, wanda kamfanin FatCat na Ingila ya fitar a 2013.

Ta fuskar kiɗa ba mu da ƙorafi. Jamie Carter, wani Ba'amurke daga Shikago, shi ya ɗauki sautin a Yamai, kuma bai goge shi har ya fita kamanninsa ba. Jita biyu na saƙa, ɗaya na maimaita gajeren zango, ɗaya na ratsa shi, ganguna na gudu a kan ma'auni mai uku cikin biyu, kalangu na tsoma baki kamar ɗan ma'abba. Turawa sun kira wannan rok. Mu dai kiɗan biki muka ji, wanda aka ɗaura wa lantarki.

Harshe ne ya tsayar da mu. Taken faifan Zabarmanci ne, ma'anarsa daɗi, kuma an ninka wasalin don nuna tsayinsa, abin da rubutun Hausa na yau da kullum ba ya yi. A ganinmu nauyin faifan duk ya karkata ga bakin Kwara, inda Zabarmanci da Hausa ke cin kasuwa ɗaya. Gabas, mai nisan fiye da kilomita 1,300, ta ba da suna, amma ba ita ke jan ragamar waƙa ba.

A kwatanta da marigayi Malam Maman Barka, wanda ya je tafkin Cadi ya zauna gaban Bukar Tar, ya koyi biram, molon Buduma mai tsirkiya biyar, kafin faifansa na 2009. Shi ya ɗauko kayan kiɗan da kansu. Tal National taswira suka ɗauko. Ba mu ce wannan zamba ce ba, don Kaani ya fi faifan Barka sa mutum rawa nesa ba kusa ba. Sai dai Babarbaren Difa zai yi rawar ne a matsayin baƙon da aka gayyata Yamai.