Raɗe-raɗin sauya sheƙa a tseren babura: cinikin da ake yi da bakin jama'a

A duk faɗin duniya, mutum 22 ne kacal ke da gurbi a MotoGP, gasar ƙoli ta tseren babura. Ƙungiyoyi 11 ne, kowace da mahaya biyu, kuma kamfanoni biyar ne ke ƙera baburan: Ducati da Aprilia na Italiya, Honda da Yamaha na Japan, sai KTM na Austriya. Ƙarancin gurbin nan shi ya haifi wani nau'in zance da ya zama sana'a a jaridun Italiya da Sifaniya da Faransa: wane zai bar wane, an ga manajan wane ya shiga ofishin wane, wane ya riga ya sa hannu an dai ce ya ja bakinsa ya yi shiru tukuna. Tseren kansa minti 40 da 'yan kai ne ranar Lahadi. Raɗe-raɗin kuwa ba shi da ranar hutu.

Zancen yana isowa Yawunde ne ta bakin Faransawa. A Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa, da Cité Verte, wanda ke da Canal+ a ɗaki ko a shago yana ganin tseren, kuma idan a Turai ake yi, da ƙarfe ɗaya na rana ake tashi, daidai lokacin da ake haramar azahar. Kada a yi ƙarin gishiri, masu bin wannan wasa ba su da yawa, ƙwallon ƙafa ce sarauniya a nan. Amma akwai su, galibi kanikawan babur da 'yan benskin masu jigilar fasinja tsakanin kasuwar Mokolo da Tsinga, sai ɗalibai. Kuma da yake masu sharhin Faransawa ne, mahayan Faransa biyu ne suka fi shiga baki: Fabio Quartararo, wanda ya ci kambun duniya a 2021 da Yamaha, da Johann Zarco, wanda a Mayun 2025 ya ci tseren Le Mans cikin ruwan sama, abin da rabon Bafaranshe ya yi a gida tun 1954.

Matsalar farko ita ce kunnen da ake sauraron labarin da shi, kunnen ƙwallo ne. Mutanen Kamaru sun goge a zancen markato, wato cinikin 'yan ƙwallo, tun lokacin da Samuel Eto'o ya bar Barcelona zuwa Inter a 2009, har zuwa tafiyar André Onana Manchester United a 2023 da ta Bryan Mbeumo a 2025. Don haka in yaro ya miƙo waya a teburin mai shayi, gilashinta a tsage, ya ce, "Baba Alhaji, ka ga wai Márquez ya koma Ducati," amsar da zai samu ita ce, "To, nawa suka saye shi?" Tambayar ba ta da mazauni a wannan wasa. Ba a sayen mahayi daga hannun wata ƙungiya kamar yadda ake sayen ɗan ƙwallo, babu kuma wata kasuwa da ake buɗewa a Janairu a rufe a ƙarshen wata. Mahayi yana ƙulla kwantiragi ne, yawanci na shekara biyu, in ya ƙare ya tafi inda ya ga dama. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne ana sa hannun tun da sauran rabin shekara ko fiye, sai mutum ya ci gaba da yi wa kamfanin da zai bari tsere, kowa ya san ya gama da su, su ma sun daina nuna masa sababbin kayan da suke gwadawa don kada ya kwashi sirri ya kai wa abokin hamayya.

Shi raɗe-raɗin yana da ƙirarsa, wanda ya saba karantawa zai gane ta tun daga nesa. Ba a ambaton mai maganar, sai dai "majiya ta kusa da mahayin". Ba a cewa an yi, sai dai ana dab da yi. Sannan a kawo musun shugaban ƙungiya, wanda shi kansa an tsara shi ne yadda ba zai zama ƙarya ba in abin ya tabbata: a yanzu dai hankalinmu na kan tseren Lahadi. Masu raina wannan rubutu suna kiransa shaci-faɗi, ni kuwa ina ganin sun yi masa gurguwar fahimta. Mafi yawansa da gangan ake sakinsa, kuma mai sakin ya san abin da yake nema. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya ga dillali ya ɗaga murya yana cewa wani Alhaji ya taya sa ɗin nan tun da safe, alhali da mai sayen da ke gabansa yake, ya san aikin manajan mahayi. Ɗan jarida shi ne iskar da ke kai muryar. Lokacin da Quartararo ya sabunta zamansa a Yamaha a Afrilun 2024, kan albashin da jaridu suka ce ya fi na kowa a gasar, an shafe watanni ana jin cewa Aprilia na zawarcinsa. Ko zawarcin ya yi nisa ko bai yi ba, ya yi masa amfani a teburin ciniki.

Wanda ke son ganin yadda abin ke aiki ƙuru-ƙuru, ya dubi makon tseren Mugello na Italiya, ƙarshen Mayu zuwa farkon Yunin 2024. Gurbi ɗaya ya rage a babbar ƙungiyar Ducati, kusa da Francesco Bagnaia, mutum uku na nema: Enea Bastianini da ke kai, Jorge Martín na ƙungiyar Pramac mai hawan Ducati, wanda ke jan ragamar gasar a lokacin, da Marc Márquez. Ana shiga makon jaridun Italiya suka ce an gama, Martín aka zaɓa, Márquez kuma za a ba shi sabon babur a Pramac. Labarin ba ƙarya ba ne, abin da shugabannin Ducati suka tsara ke nan. Sai Márquez ya fito ranar Alhamis gaban 'yan jarida ya ce shi Pramac ba ta cikin lissafinsa. Magana ce gajera, amma Ducati ta ji abin da ke ƙarƙashinta: ko ku ba ni jan babur na babbar ƙungiyarku, ko ku gan ni a kan na abokan hamayyarku. Kafin Lahadi ta yi, an fara jan ƙafa a kan alkawarin da aka yi wa Martín. Shi kuma bai tsaya jiran a wulaƙanta shi ba, ranar Litinin 3 ga Yuni ya sa hannu da Aprilia. Ranar Laraba Ducati ta sanar da Márquez.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan daɗin nazari. Bastianini ya tafi KTM, Marco Bezzecchi ya bi Martín Aprilia, ita kuma Pramac, bayan kusan shekara 20 tana hawan Ducati, ta koma Yamaha. Martín ya ci kambun 2024 a kan babur ɗin kamfanin da ya ƙi shi, da tazarar maki 10, ya ɗauki lamba 1 ya kai wa Aprilia. A nan raɗe-raɗin bai tsaya ga ba da labarin ciniki ba, da shi aka yi cinikin. Da jarida ba ta riga ta ce an zaɓi Martín ba, da Márquez bai sami dandalin da zai yi barazanarsa a bainar jama'a ba.

Wani lokacin kuma makamin kan juyo kan mai shi. A 2025 Martín ya sha karaya a jere, mafi muni ita ce faɗuwar da ya yi a Ƙatar cikin Afrilu. Yana jinya sai labari ya ɓulla a Sifaniya cewa zai yi amfani da wani sharaɗi a kwantiraginsa ya bar Aprilia a ƙarshen shekara, ana kuma danganta shi da Honda. Manajansa, Albert Valera, ya fito ya ce yaronsa ba shi da igiyar kowa a 2026. Aprilia ta ce sam, a shirye take a je kotu. Ana cikin haka Bezzecchi ya ci tseren Silverstone a kan babur ɗin da ake cewa bai isa ba. Carmelo Ezpeleta, shugaban kamfanin Dorna mai shirya gasar a lokacin, ya ce ba za a yi wa kowa rajista ba matuƙar akwai rigimar kwantiragi a kansa. A Yuli, a Brno, Martín ya zauna gaban 'yan jarida ya ce yana nan daram.

Me ya sa mutane ba sa gajiya da wannan zance? A ganina, don a ƙarƙashinsa akwai wata tsohuwar gardama da tsere kaɗai ba ya raba ta: babur ne ke ci ko mahayi? Muddin mutum na kan babur ɗaya, ba za a sani ba. Sai ya sauka ya hau wani ake gane maci tuwo. Valentino Rossi ya bar Honda a ƙarshen 2003 ne saboda ya gaji da jin cewa injin ne ke yi masa aiki. Honda ta hana shi taɓa Yamaha har sai da kwantiraginsa ya cika a ƙarshen Disamba. Tseren farko na 2004, a Welkom ta Afirka ta Kudu, ya doke Max Biaggi da ke kan Honda, ya kuma ci kambun shekarar. Wannan ne karo na ƙarshe da gasar ta taka ƙasar Afirka, abin da ya kamata ya dame mu fiye da yadda yake damunmu. Masu cewa mahayi ne suka yi ta murna har 2011, lokacin da Rossin nan dai ya koma Ducati ya yi shekara biyu bai ci tsere ko ɗaya ba, a kan babur ɗin kamfanin da Casey Stoner ya ci wa kambu a 2007. Jorge Lorenzo ma ya sha wuya a Ducati shekara ɗaya da rabi, bai ci tserensa na farko ba sai a Mugello a Yunin 2018, a lokacin kuwa ya riga ya shirya da Honda, alƙalami ya bushe.

Márquez ne ya kai gardamar ƙarshenta, ko kusa da haka. Kambu shida ya ci wa Honda tsakanin 2013 da 2019, sannan ya karya hannu a Jerez a Yulin 2020, babur ɗin ma ya lalace a hannun injiniyoyi. Da aka fara cewa zai yafe shekarar ƙarshe ta kwantiraginsa mai tsoka ya koma Gresini, ƙaramar ƙungiya mai hayar baburan Ducati na bara a lokacin, wadda Nadia Padovani ke riƙe da ita tun rasuwar mijinta, da yawa sun ce wannan kam tatsuniya ce. A Oktoban 2023 ta tabbata. A Satumban 2025, a Motegi, filin Honda na kanta, ya sake zama zakaran duniya a kan Ducati. Kowane ɓangare ya ce shi ya yi gaskiya, kuma kowanne da hujjarsa.

Inda nake ganin gazawar wannan nau'in rubutu shi ne idonsa na kan fuskokin da aka sani, alhali abin da ke juya gasar sau da yawa yana wani wurin. Sauya sheƙar da ta fi kowace tasiri a shekarun nan ba ta mahayi ba ce, ta injiniya ce: Gigi Dall'Igna, wanda ya bar Aprilia ya koma Ducati a ƙarshen 2013 ya gina babur ɗin da kowa ke rububi a yau. Ba a yi masa kashi ɗaya cikin goma na surutun da ake yi wa ƙaramin mahayi ba. Haka kuma duk masu majiya ta kusa babu wanda ya hango cewa Suzuki, wadda Joan Mir ya ci wa kambu a 2020, za ta tattara nata ya nata. A farkon Mayun 2022 aka tara ma'aikatan ƙungiyar a Jerez aka gaya musu, shawara ce daga hedikwata a Japan, su kansu ba su sani ba.

Labarin KTM ya fi kusa da mu. A ƙarshen Nuwamban 2024 bashi ya durƙusar da kamfanin har ya nemi kariyar kotu a Austriya. Nan take jaridu suka duƙufa kan Pedro Acosta, matashin da KTM ta raina tun yana ƙarami: zai gudu, Ducati zai je, a'a Honda ce. Ya zauna. Wanda ya yanke hukuncin ko baburan KTM za su ci gaba da fita fili shi ne wanda ya kawo kuɗin biyan masu bin bashi a Mayun 2025, wato Bajaj na Indiya, mai ƙera Boxer ɗin da 'yan acaba ke neman abinci da shi daga Kano har Kamaru. Bakaniken da ke kwance injin Boxer a bakin titi a Briqueterie, hannunsa baƙi ƙirin da mai, ya fi kusa da wannan labari fiye da yadda yake zato, sai dai ba shi ne labarin da ake turo masa a waya ba.

Yanzu ido ya koma kan 2027. A shekarar za a rage girman inji daga cc 1000 zuwa cc 850, a hana na'urar da ke durƙusar da babur lokacin tashi, Pirelli kuma ya karɓi samar da taya daga hannun Michelin. Kwantiragin yawancin manyan mahaya yana ƙarewa ne a ƙarshen 2026, ma'ana kowa zai zaɓi babur ɗin da bai taɓa yin tsere ba, dole ya dogara da abin da injiniyoyi suka gaya masa da abin da ya tsinta a bakin mutane. A nan ne zancen Toprak Razgatlıoğlu ke da ma'ana. Shekara da shekaru ana cewa Baturken nan, zakaran gasar Superbike a 2021 da Yamaha, da 2024 da 2025 da BMW, zai shigo MotoGP, manajansa Kenan Sofuoğlu kuma bai taɓa barin wutar ta mutu ba, har mutane suka daina ɗaukar maganar da muhimmanci. A Yunin 2025 Yamaha ta sanar da cewa zai hau mata babur a Pramac daga 2026. Masu sharhi sun fi zancen salon birkinsa da yadda yake ɗaga tayar baya sama. Yamaha kuwa ta san cewa gasar da ya fito tayar Pirelli ake hawa a cikinta tun 2004.