Sarautar Sarkin Sarakuna a Ƙagaggun Labaran Kimiyya

Na daɗe ina mamakin wani abu game da ƙagaggun labaran kimiyya na Turawa. Marubuci zai ƙago jiragen da ke ratsa taurari, amma da an zo maganar mulki sai ya koma baya ya ɗauko sarkin sarakuna, wato "emperor". Asalin kalmar daga Latin ne, "imperator", laƙabin kwamandan yaƙi a Rum. Wannan maƙala za ta duba misalai uku.

Na farko shi ne Isaac Asimov na Amurka, wanda ya fara labaran Foundation a 1942, aka tattara su littafi a 1951. Ya ɗora daularsa ne a kan tarihin faɗuwar daular Rum na Edward Gibbon, wanda ya fara fitowa a 1776. Daular tana da duniyoyi miliyan 25, hedikwatarta Trantor. Asimov ya nuna yadda daula ke ruɓewa daga ciki alhali ana ta bukukuwa a fada. A ganina inda ya gaza shi ne da wuya a ji muryar talakan da ke biyan haraji.

Na biyu shi ne Dune na Frank Herbert, 1965. Sarkinsa, Shaddam na Huɗu, yana da laƙabin Padishah, kalmar Farisanci da sarakunan Santambul da na Mughal a Indiya suka yi amfani da ita. Wannan ne ya fi gamsar da ni, domin sarkin ba shi kaɗai ke da iko ba. Akwai majalisar manyan gidaje, akwai kuma ƙungiyar matuƙa jirage da ba a tafiya sai da ita. Ƙarfinsa yana ga dakarunsa, Sardaukar, kuma da aka ci su da yaƙi, sai gadon mulki ya kuɓuce masa.

Na uku shi ne fim ɗin Star Wars na George Lucas. A na 1977 an ji labarin sarki ya rushe majalisar dattawa. Sai a na 2005 aka nuna yadda Palpatine, zaɓaɓɓen shugaba, ya fake da yaƙi ya naɗa kansa sarki, 'yan majalisa na tafi. Wannan darasi ne mai kyau. Amma bayan haka sai ya zama mugu kawai cikin baƙar alkyabba, ba a ganin yadda yake tafiyar da ƙasa.

Duk wanda ya san sarauta ya san ba mutum ɗaya ba ce. A Kano, alal misali, bisa al'ada Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ne masu zaɓen sarki. Da wannan ma'auni nake auna waɗannan labarai: wa ya naɗa sarkin, wa ke iya taka masa burki, daga ina kuɗin baitulmali ke fitowa?

Ina kira ga malamanmu, tunda yaranmu na kallon waɗannan finafinai, su riƙa yi musu waɗannan tambayoyi uku a aji. Yaron da ya saba tambayar sarkin taurari, gobe zai iya tambayar mai mulkinsa cikin ladabi da hujja. Allah Ya sa mu dace.