Jinjina ga Masu Buga Bayanan Likitoci

Likita ya zuba bayaninsa a na'urar ɗaukar murya, ya wuce. Sauran aikin na mai bugawa ne, galibi mace: abin sauraro a kunne, ƙafa kan feda, yatsu kan madannai. A manhaja irin Instant Text ta tara ɗaruruwan gajerun alamomi. Ta danna "htn", cikakken sunan hawan jini ya fito.

Abin da ya fi burge ni, ta san inda gajartawa ke kisa. Tun 2004 hukumar Joint Commission ta Amurka ta hana rubuta "U" a madadin kalmar "unit" a ma'aunin magani irin insulin, domin akan ɗauke shi sifili, 4 ta koma 40. Nan takan buga kalmar dalla-dalla.