Amana ko yarjejeniya? Sharhi a kan kalmomin tarihin iyakar Magarya da Dungas

1. Gabatarwa

Akwai ra'ayi biyu da suka shahara a kan iyakar da ta raba Nijar da Nijeriya. Na farko shi ne wanda muka koya tun muna lakkol, wato Turawa sun zauna a Turai sun ja layi ba tare da sanin ƙasar ba. Na biyu shi ne wanda Camille Lefebvre (2015) ta kare a littafinta Frontières de sable, frontières de papier, inda ta nuna cewa masu shata iyakar sun dogara da rahotannin matafiya irin su Barth da kuma bayanan ƴan ƙasa, har layin ya bi wasu tsoffin iyakoki na zamanin jihadi. Hujjojinta suna da ƙarfi, kuma sun gyara kuskuren ra'ayin farko. Sai dai mun lura cewa in an zo koyar da wannan tarihi da Hausa, masu ra'ayin nan biyu duk kalma ɗaya suke amfani da ita, «yarjejeniya», su sa mata kowace takarda ta wancan zamani. A wannan maƙala muna so mu nuna cewa kalmar tana haɗe abubuwa uku da ba ɗaya ba ne, kuma tana ɓoye tambayar da ta fi muhimmanci: wa ya yarda? Za mu ɗauki misalin Dogo-Dogo da ƙasar Dungas da Magarya.

2. Abin da kalmar take ɗauke da shi

«Yarjejeniya» ta fito daga «yarda». Tana cikin sunayen da ake ginawa da ninki da ɗafa-ƙeyar -eniya, kamar «turereniya» da «tserereniya», waɗanda ke nuna aikin da ɓangarori suke yi wa juna. Ke nan ginin kalmar kansa yana cewa kowane ɓangare ya yarje wa ɗan'uwansa. Kalmar Faransanci traité ko convention ba ta tilasta wa mai sauraro wannan fahimta da irin wannan ƙarfi.

Sarakunan ƙarni na 19 kuwa suna da nasu kalmomi. «Amana» (daga amān ta Larabci) kariya ce da mai iko ke ba baƙo ko wata al'umma, bisa sharaɗi, kuma mai ba da ita shi ne a sama. «Caffa» miƙa wuya ce ga wanda ya fi ƙarfi. «Gaisuwa» ita ce abin da na ƙasa ke aika wa na sama don nuna yana nan a kan biyayya. Dukansu dangantaka ce tsakanin mutum da mutum, kuma ana sabunta ta in sabon sarki ya hau gado. Babu ɗaya cikinsu da ke nufin sallama ƙasa har abada, abin da lauyoyin Turai ke kira cession de souveraineté.

3. Takardun Sakkwato

A 1885 Joseph Thomson ya zo wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Ali a madadin kamfanin Ingila na George Goldie, ya koma da takarda. Matanin Ingilishi ya ce an ba kamfanin haƙƙi a kan gaɓar Binuwai, shi kuma zai riƙa ba da kaya masu darajar buhu 3000 na wuri kowace shekara. Adeleye (1971) ya nuna yadda fadar Sakkwato ta fahimci irin waɗannan takardu: izinin ciniki ne ga baƙi, bisa ƙa'idar amana, kamar wanda Barth ya samu daga Aliyu Babba a 1853. Kuɗin da kamfani ke kira tallafi ga sarki, a idon fada gaisuwa ce ta wanda aka ba amana. Shi ya sa a 1891 Sarkin Musulmi Abdurrahman bai ga wani aibu ba wajen ba Bafaranshe Monteil tasa takardar, don mai gida yana iya saukar da baƙi biyu.

Wannan saɓani ba a ƙasar Hausa kaɗai ya faru ba. A Waitangi, a ƙasar Niyu Zilan, a 1840, matanin Ingilishi ya ce shugabannin Mawori sun miƙa dukan mulki, nasu matanin kuwa ya yi amfani da kawanatanga, kalmar da aka ƙera daga sunan gwamna, ya kuma tabbatar masu da sarautarsu. A Wucale a 1889, sashe na 17 ya ce da Amharanci Menelik yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da ƙasashen waje, da Italiyanci kuwa ya ce wajibi ne. Ƙarshen wannan gardama shi ne yaƙin Adwa a 1896. Bambancin da ke akwai shi ne, a Niyu Zilan Turawa sun zo zama ne, sun karɓe gonaki, kuma matanin Mawori ya rage a hannun jikoki suna kai ƙara da shi, musamman tun kafa kotun Waitangi a 1975. A ƙasarmu mulki da haraji suka nema, kuma Lugga da kansa, bayan cin Sakkwato a Maris 1903, ya kafa ikon Ingila a kan ƙarfin yaƙi, ya ajiye tsoffin takardun gefe.

4. Damagaram: inda babu takarda

Dungas tana cikin ƙasashen Sosebaki, tare da Mirya da Waca, waɗanda suka shiga ƙarƙashin Damagaram a ƙarni na 19, kamar yadda Salifou (1971) ya bayyana. Damagaram kuwa ba ta taɓa bin Sakkwato ba, Borno take kai wa gaisuwa. Don haka takardun Thomson da Monteil ba su shafe ta ba. Kyaftin Cazemajou ya iso Zinder a 1898, aka kashe shi a watan Mayu tare da tafintansa Olive, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli 1899 sojojin Faransa suka ci nasara a Tirmini, suka shiga birni, aka kashe Kuran Daga a wannan shekara, aka ɗora Amadu ɗan Basa. A 1906 aka tuɓe shi bisa zargin makirci, aka kai shi Kwaddibuwa, sarautar ba ta dawo ba sai 1923. Wannan cin yaƙi ne, kuma Hausa tana da kalmarsa.

5. Takardun Turawa tsakaninsu

Yanzu mu dubi takardun da suka haifi iyakar. Sanarwar 5 ga Agusta 1890 ta ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, ta bar wa kamfanin Ingila abin da yake na daular Sakkwato. Takardar 14 ga Yuni 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, sannan a kudancin Zinder ta bi layin digiri 13 da minti 20. Dungas da Magarya da Dogo-Dogo duk suna kudu da wannan layi, wato a takarda ƙasar Ingila ce, tun Faransa ba ta ci Zinder ba. Faransawa suka koka cewa hanyarsu daga Kwara zuwa Cadi ba ta da ruwa. A sulhun 8 ga Afrilu 1904 Faransa ta bar haƙƙinta na musamman a gaɓar kamun kifi ta Terre-Neuve, a gabashin Kanada ta yau, aka saka mata da abubuwa da dama, ciki har da gyaran wannan iyaka. Aka kuma rubuta cewa za a yi la'akari da rabon siyasar ƙasar, a bar wa Faransa mutanen Tasawa da Maraɗi da Zinder gwargwadon hali. Takardar 29 ga Mayu 1906 ta sauko da layin kudu, Tilho da O'Shee suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamu, aka tabbatar da aikin a 1910.

Waɗannan kam yarjejeniyoyi ne da cikakkiyar ma'anar kalmar, amma tsakanin Faransa da Ingila. A nan ne muke jan hankalin ɗaliban da ke karanta Lefebvre da gaggawa. Gaskiya ne sharaɗin 1904 ya sa an tambayi sarakuna da dattawa wane gari ke bin wa. Amma wanda aka tambaya shaida ne, ba ya cikin masu yarda. Amsar da ya bayar kuma amsa ce ta caffa da gaisuwa, abin da ke sauyawa daga sarki zuwa sarki, sai aka mayar da ita layi na dindindin. Ko bin tsohon rabon ma bai cika ba. Zango da Ɓaure, inda zuriyar Haɓen Daura ta zauna a inuwar Damagaram bayan jihadi, sun faɗa hannun Ingila, wadda ta mayar da gidan Haɓe sarautar Daura. Gumel, maƙwabciyar Dungas, wadda ita ma Borno take bi kamar Damagaram, ta koma ɗaya ɓangaren.

Miles (1994), a Hausaland Divided, ya kwatanta Yekuwa ta ƙasar Magarya da Ƴardaji ta ƙasar Daura, ya kawo sunan da mutanen wurin ke kiran alamun iyaka da shi, «tangaraho». Wannan aro ne daga sunan wayar Turawa da turakunta. Kalmar «iyaka» tana nan tun da, amma don kiran ƙarfen da aka kafa sai suka ɗauki sunan kayan baƙo. A ganinmu wannan kalma shaida ce ta tarihi da ta cancanci a sa ta kusa da takardun Landan da Paris.

6. Kammalawa

Ba muna kira a sake shata iyaka ba ne. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yanke a Alƙahira a 1964 cewa a riƙe iyakokin da aka gada, ƙasashen biyu kuma sun kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971. Amma lokacin da aka rufe iyakar a 2019 da kuma 2023, masu cin kasuwar Maigatari daga Dungas da Dogo-Dogo ne suka ji a jikinsu, kuma ƴaƴansu sun cancanci a gaya masu tarihin layin da kalmomin da suka dace. Shawararmu ga masu fassara da masu rubuta littattafan makaranta ita ce su rarrabe: «amana» ga abin da Sakkwato ta ba Barth da Thomson da Monteil, «cin yaƙi» ga Tirmini da Sakkwato, «yarjejeniya» ga abin da Faransa da Ingila suka ƙulla, tare da faɗin tsakanin wa da wa. Ga ɗalibanmu kuma akwai aiki a ƙauyukan bakin iyaka: a naɗi yadda dattawa ke ba da labarin tangaraho, a lura da aikatau ɗin da suke sa wa layin, ko «an raba», ko «an yanka», ko «an ba da», a kuma lura da wanda suke ɗora wa aikin.